Motar Fulera Ta Sami Giya Ta Biyar

Duk wanda ya ci shinkafar biki a Salaga cikin 'yan shekarun nan, da wuya a ce ba daga tukunyar Fulera ta fito ba. Gajeriyar mace ce kakkaura, ta ba hamsin baya, ga murya wadda in ta ƙwala kira daga bakin kasuwa sai an waiwayo a tashar mota. Kakanninta fataken goro ne da suka sauke kaya a garin tun zamanin da, suka ga wuri ya yi musu, ba su sake ɗaurawa ba. Da cinikin goro ya ja baya, mahaifinta ya koma doya, ya buɗe gona a hanyar Makango, ya sayi tsohuwar tarakta. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, Fulera ce babba, saboda haka ita ya ɗora a kan taraktar tun lokacin da sai an cusa mata buhu a baya kafin ƙafarta ta kai kuloci. Da safe tana huɗa, da yamma tana gindin murhu wajen gwaggonta, wadda ke dafa wa unguwa abincin suna da na aure. Haka ta tashi da sana'a biyu a hannu, tuƙi da girki.

Ta auri Garuba, dillalin doya, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ba abin da ya tsana a duniya kamar gaggawa. In sun fita tare, sai ta isa inda za su, ta gama gaisawa da jama'a, sannan a hango shi tafe yana gyara hula. Suka haifi 'ya'ya suka aurar. Autarsu Taslima aka kai ta Bawku, gidan Razak, wani saurayi mai sayar da kayan gyaran mota.

Bayan rasuwar gwaggo, tukwanen suka dawo hannun Fulera, ita da aminiyarta Anisatu, wadda suka yi wasan ƙasa tare. Sunansu ya fita. Daga Bimbila a kira, daga Yendi a kira, har Gambaga an sha aiko musu. Wahalar ɗaya ce, ɗaukar kaya. Tukunyar da ke cin rabin buhun shinkafa ba ta shiga bayan tasi. Sai dai a yi hayar motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, a jibga kaya a ɗaure, a isa da tukwane a lotse, man gyaɗa ya zube a kan buhun gari, su kuma ƙugu ya riƙe tun ba a hura wuta ba.

Wata rana ta je Tamale sayen tukunyar gas, sai ta ga wata bas ruwan ƙwai an jingine ta a bayan wata makarantar kuɗi, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinta. Makarantar ta sayi sabuwa, wannan ta tsufa. Fulera ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta roƙi mai gadi ya nemo makulli. Tana murzawa injin ya tashi. A nan take ta kira Garuba a waya.

"Baban Taslima, na ga motata."

"Wace motar taki kuma? Ba gas kika je saye ba?"

"Gas ɗin ma a cikinta zan kawo shi."

Haka kuwa aka yi. Ranar da ta shigo Salaga tana tuƙa bas ɗin, mayafi ɗaure a ƙugu, mata suka fito ƙofar gida riƙe da ludayi suna kallo. Ta kai ta wurin mai walda, aka cire kujeru sai na gaba kaɗai aka bari. Aka yi wa kowace tukunya gurbinta na ƙarfe, aka kafa tankin ruwa, aka yi maratayin muciya da ludayi, aka ɗaure murhunan gas yadda za a zaro su ta ƙofar baya a girka a ƙasa. A gefe ɗaya aka yi dogon benci mai katifa, wurin kishingiɗa in aiki ya kai su kwana. Sunan makarantar aka shafe, aka rubuta "Ci Ka Ƙoshi" da jan fenti. Zane-zanen da yara suka yi da biro a jikin rufin ne kaɗai Fulera ta hana a taɓa, ta ce suna ɗebe mata kewa.

A cikin gari motar ba ta da na biyu. Tana tashi da kaya kamar ba komai, tana shiga lungu, tana hawa tudu. Amma da an fita babban titi sai halinta ya bayyana. Giya huɗu gare ta. Da Fulera ta sa ta huɗu ta danna totur, sai injin ya kama ihu kamar injin niƙa da aka cika wa masara, motar kuwa ba ta wuce gudun hamsin da 'yan kai. In ta matsa mata, ƙasan motar ya ɗauki zafi har ta ji shi ta cikin silifas. Magana ba ta yiwuwa. Ita da Anisatu, waɗanda in suka zauna ba sa rasa abin faɗa, sai suka koma hira da hannu kamar kurame. Tirela ta wuce su, tanka ta wuce su, 'yan babur su wuce suna ɗaga musu hannu. Tafiyar Bawku wurin Taslima kuwa sai a tashi bayan asuba, a isa ana kiran magariba, kunne na ƙugi, murya ta dishe.

Abin yana cin ta, don ita mace ce da ba ta iya bin bayan kowa ba. Garuba dai cewa yake yi, "Ai kina isa, ko ba kya isa? To mene ne?"

Ranar da al'amarin ya canja, suna dawowa ne daga wani ɗaurin aure. Dab da shiga Yendi ruwan lagireto ya tafasa, tururi ya turnuƙe gilashi. Suka lallaɓa har garejin da ya fi kusa, wani fili a gindin bishiyar mangwaro. Mai garejin Saaka ne, Badagombe dogo mai furfura a gemu, wanda kowa ke kira Masta. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya bar injin ya huce, ya canja tiyo, ya zuba ruwa, sannan ya ce zai ɗana ta ya ji. Fulera ta zauna a gefensa, don ba ta ba kowa motarta ya tafi da ita shi kaɗai.

Suka hau hanyar Tamale. Ya sa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Da injin ya fara ihunsa, sai hannun Saaka ya tafi kan sandar giya da kansa, ya laluba, ya rasa inda zai kai ta. Ya dawo da hannun, ya yi dariya, ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Mma, motan ka ba shi da ciwo," in ji shi. "Inji na nan da ƙarfi paa, ƙarfi sosai. Amma an yi shi don ɗaukan yara, ya tsaya nan, ya tsaya can, ƙofa ƙofa. Ba a yi shi don doguwan hanya ba. Yana kuka ne, yana roƙon giya ɗaya, babu."

"To a ina ake samo masa?"

"Sai a cire giyabos duka, a sa mai biyar. In ka sa na biyar, inji zai juya a hankali, taya zai juya da sauri. Zafi zai ragu, mai zai ragu, kuka zai ragu."

Fulera ta juyo gaba ɗaya a kan kujera. "Masta, sake faɗa. Kana nufin wannan motar tawa, wannan ɗin, za ta iya bin titin Bolga kamar sauran motoci?"

"In an samu wanda bakinshi ya dace da inji. Shi ne wuya."

Tun kafin su koma gareji ta kira Taslima, ta ce ta ba mijinta waya. Ba ta saba doguwar magana da surukinta ba, gaisuwa ce kawai a tsakaninsu, shi kansa a ƙasa, ita tana kallon gefe. Amma ran nan kunya ta tafi hutu. Ta miƙa wa Saaka wayar, ya karanto wa Razak lambar inji, ya kwatanta masa irin abin da ake nema. Razak ya ce irin wannan ba ya zama a shago, amma yana da mutane a Sinkase, bakin iyakar Togo, masu kawo tsofaffin kayan mota daga tashar jirgin ruwa. Zai sa ido.

Daga nan fa Fulera ta daina barin kowa ya huta. Mai sayar mata da wake da shinkafa in ya tsaya gaisuwa sai ya ji labarin giyabos. Ta je gidan suna ta zana wa mata yadda ƙarafan ke cizon juna, da yatsa a cikin garin tuwo. Garuba ma abin ya shafe shi. Wata rana bayan la'asar, a dakalin masallaci, aka tambaye shi lafiyar iyali, sai ya ce da zuciya ɗaya, "Lafiya lau, sai dai ta aika Bawku a sayo mata giya, ita muke jira." Ladan ya ajiye carbinsa. Sai da Garuba ya ga idanu a kansa sannan ya gane, ya ce, "Ta mota! Ta mota nake nufi, jama'a!" Har yau in ya zo wucewa akwai masu tambayarsa ko giyar ta iso.

Razak ya turo hoto na farko, Saaka ya duba ya ce ramukan noti ba su dace ba. Ya turo na biyu, aka ce na ƙaramar mota ne. Damina ta shigo ta yi nisa, Fulera har ta fara cire rai. Sai wata safiya tana tsaka da soya wagashi, cukun nan na nonon shanu, waya ta yi ƙara. Saaka ne.

"Mma! Yaron ka ya samu! Shi ne, shi ne wannan!"

Ta bar wagashin a cikin mai, Anisatu ce ta tsame. Giyabos ɗin ya sauko daga Bawku a bayan motar albasa, an kwantar da shi a kan tsohuwar taya a tsakiyar buhuna. Da aka sauke shi a Yendi warin albasa yake yi. Fulera ta riga shi isowa. Ta durƙusa ta shafa shi, baƙi ƙirin da maiƙo, nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi, ta ce, "Sannu da hanya."

Ta ƙi komawa Salaga. Ta sauka a gidan wata 'yar'uwar Anisatu, kullum da safe tana gareji. Da ta ga zaman banza zai kashe ta, sai ta zaro murhu ɗaya ta girka a gindin mangwaron, ta shiga yi wa ma'aikatan tuwon zafi da miyar ayoyo. Garejin Saaka bai taɓa ganin baƙi kamar na wannan lokacin ba. Direbobin da motarsu lafiya lau ma sai su zo a duba musu iskar taya daidai lokacin da ake kwashe tuwo.

Aka ɗaga motar, aka kwance farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Aka rataya tsohon giyabos da sarƙa, aka sauke shi a kan katako a hankali. Fulera tana tsugune tana leƙe, tana tambayar sunan kowane ƙarfe. Sabon ya shiga, bakinsa ya kama injin daram, aka yi kabbara. Amma murnar ba ta daɗe ba. Farantin kuloci bai dace da haƙoran sabon ba, sai da aka aika Tamale aka nemo wani. Sandar giya ta ɓullo a bayan inda tsohuwar take, sai da aka yanka ƙasan motar aka buɗe sabon rami, aka toshe tsohon. Sannan babbar magana: sabon giyabos ya fi tsohon tsawo, farfela ta ƙi shiga. Dole a rage ta.

Wani mai walda a nan Yendi ya ce aikin minti kaɗan ne. Saaka bai so ba, amma Fulera ta matsa, don ta ƙagu. Aka yanke, aka haɗa, aka ɗaura. Saaka ya hau gwaji, tana gefensa. Ba su yi nisa ba motar ta kama rawa. Murafen tukwane suka shiga kaɗawa kamar ana kiɗan ƙwarya, madubi ya karkace, haƙoran Fulera suna haɗuwa. Saaka ya tsaya, ya dube ta.

"Ka gani, Mma? Farfela in ya karkace ko kamar gashin kai, haka zai yi. Sai an kai ma masu injin juya ƙarfe a Tamale, su daidaita."

"Na ji, Masta. Laifina ne. A kai."

Farfela tana Tamale aka bugo waya daga Bawku: Taslima ta sauka lafiya, an sami mace. Fulera ta yi guɗa a tsakiyar gareji har wani da ke ƙarƙashin mota ya buga kai da ƙarfe. Da ta natsu sai ta kama lissafi. Suna ranar bakwai ne, ita ce mai girki, tukwanenta kuwa ga su a cikin motar da ba ta da farfela. Anisatu ta ce a yi hayar wata motar. Fulera ta ce sam, jikarta ba za ta ci abincin da ya zo a motar haya ba. Saaka ya hau babur da kansa ya tafi Tamale, ya zauna a kan masu aikin har suka gama, ya ɗauro farfelar a bayansa kamar mai ɗauke da rake. Aka ɗaura, ya gwada shi kaɗai, ya dawo yana murmushi, ya ɗaga babban yatsa.

Ana jibi suna suka kama hanya da sassafe. Garuba ya iso daga Salaga da doya da sabuwar riga, ya zauna a kan bencin baya ya riƙe ƙarfe tun mota ba ta tashi ba. Anisatu tana kusa da shi. Saaka ya ce zai raka su har Walewale, yana so ya ji motar da kaya a cikinta. Kafin su tashi ya nuna wa Fulera sandar.

"Ɗaya zuwa huɗu, kamar da. Na biyar, dama sannan gaba. Ribas, dama sannan baya."

Fulera ta dubi sandar. Dama sannan gaba, a tsohon giyabos, nan ne ribas.

Daga Yendi zuwa Tamale ba ta wuce ta huɗu ba. Ta ce akwai ramuka, ta ce akwai awaki, ta ce bari hannu ya saba. Suka ratsa Tamale, suka wuce Savelugu, titi ya miƙe sumul, ba kowa a gaba, gonakin masara kore shar dama da hagu. Injin ya kama ihunsa na kullum.

"Yanzu, Mma!" Saaka ya ɗaga murya. "Sa shi!"

Ta taka kuloci, ta kama sandar, ta kai ta dama, sai hannun ya tsaya cak. Ta mayar ta huɗu. Shekara da shekaru hannun nan ya san cewa can wurin baya ake komawa, yanzu a ce ya kai sandar can mota tana gudu?

"Masta, in ta watse fa?"

"Ba zai watse ba! Ni na ɗaura shi!"

Daga baya Garuba ya ƙwalo, "Maman Taslima, in babu dole a bar shi mana! Haka ma muna tafiya!"

Wannan maganar ce ta yi aiki. Fulera ta cije leɓe, ta ce bismillahi da ƙarfi, ta taka kuloci, ta tura sandar dama, ta danna ta gaba. Ta shige ƙwal, kamar an rufe ƙofar kabad. Ta saki kuloci a hankali.

Ihun ya ɗauke. Anisatu ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ta mutu!" Amma motar ba ta mutu ba. Injin yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar mage da ta ƙoshi, itatuwan gefen hanya kuwa sun fara wucewa da wani irin sauri da ba su taɓa yi ba. Fulera ta ji ƙarar iska a jikin madubi. Ta ji tayoyi suna shafar kwalta. Ta ji Garuba yana jan salati a bayanta, kalma kalma.

"Anisatu," ta ce a hankali, da muryar da ake magana a ɗaki. "Kina ji na?"

"Ina jin ki! Wallahi ina jin ki!"

Suka fashe da dariya su biyu, har hawaye. Allurar da ke nuna gudu ba ta aiki, don wayarta ba ta dace da sabon giyabos ba, sai Saaka ya buɗe wani abu a wayarsa mai auna gudu ya miƙa wa Anisatu. Ta matso ta riƙe kujerar direba tana karantawa kamar mai shelar sakamakon zaɓe. "Sittin da biyar! Saba'in! Fulera, saba'in da biyar! Tamanin!" Ta saki guɗa, Fulera ta amsa mata, Saaka yana buga gwiwa yana cewa wani abu da yarensu na Dagbanci da ba wanda ya tsaya fassarawa.

Can gaba suka cim ma wata tirela ɗauke da siminti, tana jan ciki. Fulera ta bi bayanta kaɗan bisa sabo, sannan ta tuna. Ta leƙa, hanya fayau. Ta kunna sigina, ta danna hon, ta fita. Tayoyin tirelar suka riƙa zuwa suna wucewa ta tagar dama ɗaya bayan ɗaya, har suka zo daidai da direban. Ya leƙo ya ga mace da ɗankwali a sitiyarin bas ruwan ƙwai, ya saki baki. Anisatu ta ɗaga masa muciya. Suka koma hannunsu, tirelar ta ƙanƙance a madubi.

Sai aka ji muryar Garuba, ya saki ƙarfen da yake riƙe, ya miƙo wuya tsakanin kujeru. "Maman Taslima," in ji shi, "ga wata can a gaba."

Kafin Walewale suka sami darasi. Garken shanu ya ɓullo daga cikin ciyawa ya hau titi. Fulera ta taka birki kamar yadda ta saba, sai ta ga motar ba ta tsaya inda take tsayawa da ba, tana ta tafiya. Ta danna da ƙarfinta duka, ta sauko ta huɗu, ta uku. Buhun shinkafa ya zame ya daki tankin ruwa, doyar Garuba ta watse a ƙasa. Suka tsaya, wani farin bijimi yana kallon su ta gilashi, kusa har ana ganin ƙudan da ke idonsa. Suka jira har garken ya ƙetare.

"Ka ga wannan?" in ji Saaka. "Mota ya koyi gudu, birki bai koya ba tukuna. Kada ka wuce saba'in har ka dawo. In ka dawo, ka kawo shi na canja birki duka."

"Na yi alkawari, Masta."

Ya sauka a Walewale. Ta cika masa kwano da soyayyen nama, ya ƙi karɓa, ta ajiye masa a kan wani benci a bakin titi ta ja mota. Alkawarin kuwa ta riƙe, Anisatu tana tsaron lamba a tata wayar, wadda Saaka ya sa wa abin awon gudun, da ta haura sai ta ce, "Ke!" Suka wuce Bolga, suka karya dama, suka wuce Zebilla ana kasuwa. Duk tsawon hanyar nan hira suke yi, ta sunan da za a sa wa jaririya, ta tsadar tumatir, ta wata rigimar da aka yi tun suna 'yan mata wadda ba su taɓa gama ta ba.

Suka shiga Bawku ana shirin sallar azahar. Ba wanda ya zaci zuwansu kafin magariba. Uwar Razak ta fito da tsintsiya a hannu tana salati, ɗakin baƙi ko shara ba a yi ba. Taslima ta leƙo ta taga da jaririya a kafaɗa ta ce, "Mma? Jiya kuka taso?" Razak ya baro shago a guje, ya gaishe da surukansa a tsaitsaye, bai jira amsa ba ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya shige ƙarƙashin motar yana haska fitilar waya.

Da ya fito aka ce a gyara wa motar tsayuwa, ta ja baya ta shiga inuwa. Fulera, ido na kan jikarta, ta kai sandar dama ta tura gaba kamar yadda ta saba, ta saki kuloci. Motar ta yi tsalle ɗaya gaba, ta tunkuyi tarin kujerun roba da aka kawo don suna, ta mutu. Kujeru suka tarwatse har bakin kwata. Ba wanda ya ji ciwo. Unguwa ta ɗauki dariya, ita ce ma ta fi kowa, ta kifa kai a sitiyari kafaɗunta na rawa.

Aka yi suna, aka sa wa yarinya Fauziya. Jolof ɗin da Fulera ta dafa ran nan, da shito, wato soyayyen yajin nan baƙi, da soyayyun zabi, har maƙwabtan da ba a gayyata ba sun aiko da kwano.

A komowa ta ce ba ta Bolga za su bi ba, ta Garu za su yanke su hau dutsen Nakpanduri su faɗa Gambaga. Tana so ta san ko sabon giyabos da ya iya gudu ya iya hawa. A gindin dutsen ta sa ta biyu, da hawan ya yi tsanani ta sauko ta ɗaya. Motar ta sa kai, tana nishi, tana bin kwana ɗaya bayan ɗaya, rami a gefe har ba a son leƙawa. Ruwa bai tafasa ba. Da suka kai sama ta faka, suka fito su uku, ƙasar da suka baro tana shimfiɗe a ƙarƙashinsu har inda ido ya gaza. Ta kira Saaka ta ce masa ta hau. Ya ce ya ji, birki yana jira.

Tana kashe wayar wani kiran ya shigo, baƙuwar lamba. Wata mata ce daga Kumasi, ta ce ta ci abincinta a wani biki a Yendi, ɗanta zai yi aure bayan Sallah, ko tana zuwa nesa haka?

"Ina zuwa," in ji Fulera. Sai da ta amsa sannan ta tambayi ranar da unguwar.